Yadda Ake Saye da Kulawa da Inganta Karafan na Faiba a Zafin Saudiyya

Daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, idan zafi ya sassauta, hanyoyin da ke fita daga Riyad da Jidda da Madina kan cika da motoci masu jan karafan, kuma cikin masu sha'awar mallakar wannan ɗaki mai tayoyi har da iyalan Hausawa da suka daɗe a ƙasar nan, musamman waɗanda gidansu ya yi yawan da hayar masauki a Ɗa'if ko Abha lokacin hutun makaranta take zame musu nauyi. Bayanin nan ya shafi nau'i guda ne, wato karafan da aka zuba gangar jikinsa da faiba (zaren gilashi da aka daskarar da ruwan roba mai suna resin), kuma abin da ya kamata mai niyyar saye ya riƙe tun farko shi ne, gangar jikin ce ta fi komai ƙarancin ba da wahala. Ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, tana iya haura shekara 40 tana nan daram. Abin da ke mutuwa shi ne roba da ƙarfe da katakon da aka haɗa da ita, kuma ranar Hijaz da Najad tana gaggauta mutuwarsu fiye da yadda maƙeran suka yi lissafi.

Akasarin maƙeran nan a Amurka da Kanada suke. An fara fitar da samfurin Boler a birnin Winnipeg a 1968, sannan Scamp ya biyo baya a jihar Minnesota a farkon shekarun 1970, daga bisani aka sami Casita a jihar Texas, da Escape a yammacin Kanada, da Oliver a jihar Tennessee. Ƙirarsu kusan ɗaya ce: ana zuba rabin sama daban, rabin ƙasa daban, a haɗe su a tsakiya kamar ƙwarya biyu da aka kifa ɗaya a kan ɗaya, don haka babu ɗinki a kusurwoyin rufi inda ruwa zai bi ya shiga. Sai a kula, domin akwai wani nau'in da masu talla su ma suke kira na faiba, alhali siririn fallen faiba ne kawai aka liƙa a kan falanki. Wannan idan gam ɗinsa ya sha zafi, bangon kan kumbura ya saki, kuma gyaransa na da tsada. Ana gane na ainihi da zagayayyun kusurwoyinsa da kuma ɗamarar da ta kewaye tsakiyarsa.

Wanda zai sayi na hannu, ko a dandalin saye da sayarwa na intanet mai suna Haraj ya gani ko a wurin dillali, ya je da rana tsaka, kada ya yarda a nuna masa da daddare. Ya fara da daɓen ciki: ya cire takalmi ya taka ko'ina da nauyin jikinsa, musamman bakin ƙofa da ƙarƙashin tagogi da kewayen makewayi, domin daɓen falanki ne, kuma duk inda ya lotsa a ƙarƙashin ƙafa, ruwa ya daɗe yana zama a wurin. Daga nan ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashi da tocila da sukudireba, ya bi ƙarfen shasi yana dannawa. Jan tsatsa na sama ba abin tashin hankali ba ne, ana goge shi a yi fenti. Amma idan ƙarfen yana ɓarewa falle-falle, ko aka ga tsaga kusa da inda wuyan karafan ya haɗu da jikinsa, to a haƙura da cinikin ko da an karya farashi, domin araha ba ta ado. Karafan da ya zauna a Jidda ko Yanbu ko Dammam ya fi bukatar wannan binciken, saboda iskar teku mai gishiri ba ta raga wa ƙarfe. Maganar takardu kuwa a gama ta kafin a biya ko riyal ɗaya: a ga takardar shigo da shi ta kwastan, a tabbatar lambar da ke jikin shasi ta yi daidai da ta takarda, sannan a tambayi ofishin Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, abin da ake bukata na rajista da lamba ga irin nauyinsa.

Bayan karafan, sai motar da za ta ja shi. Ƙananan masu tsawon kusan mita 4 ba su kai tan ɗaya ba idan babu kaya, masu mita 5 kuwa suna ɗan haura tan, amma wannan lissafin kamfani ne, ba a sa ruwa da tukunyar gas da darduma da buhun shinkafa da kayan yara a ciki ba, kuma kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Hanya mafi aminci ita ce a loda shi kamar yadda za a yi tafiya, a kai shi ma'aunin manyan motoci, sannan a gwada abin da aka samu da iyakar da ke rubuce a littafin motar. Nauyin da ke sauka a kan ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da ake maƙala wuyan karafan a kai, ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jimillar nauyin karafan. Idan ya gaza haka, wato an tara kaya a baya, karafan zai riƙa kaɗa gindi a kan titi, kuma wannan ne ke kifar da mota idan tirela ta wuce da iska ko aka shiga fili mai guguwa. In hakan ta fara, a ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a matsa birkin karafan shi kaɗai da hannu idan motar tana da na'urar, kada a danna birkin mota da ƙarfi.

Akwai ƙaramin abu da ke jawo babbar ɓarna a nan, saboda kasuwarmu ta haɗa kayan Amurka da na Turai. Ƙwallon ja na Amurka inci 2 ne, wato milimita 50.8, na Turai kuwa milimita 50 ne cif. Ido ba ya ganin bambancin, amma bakin karafan na Amurka a kan ƙwallon Turai yana da sako-sako, kuma a kan hanya mai gargada yana iya tsallewa. A karanta lambar da aka buga a kan ƙwallon da wadda ke kan bakin, a tabbatar sun dace, sannan a gicciya sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashin wuyan yadda za su tare shi in ya kuɓuce. Soket ɗin fitilu da birki shi ma na Amurka daban yake da na Turai, kuma gara mai gyaran wayar mota ya sauya shi gaba ɗaya da a riƙa lallaɓawa da jone-jone.

Taya ce ta fi komai kashe tafiya, kuma tayar karafan ba ta mutuwa da gogewa, da tsufa take mutuwa. Za ka ga zanenta cike kamar jiya aka saye ta, alhali robar ta bushe a tsaye. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da haruffan DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka yi ta; idan ka ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. A ƙasashen sanyi ana ba da shawarar canzawa bayan shekara 5 ko 6, amma a ganina wanda tayarsa ke tsaye a ranar Makka kada ya wuce 4, har da tayar safaya, wadda ita ce ta fi shan rana a inda aka rataye ta a baya. A auna iska da sassafe kafin a motsa, a cika ta zuwa adadin da ke kan takardar da aka liƙa a jikin karafan, kuma kada a bari mai faci ya rage iska wai don gudun zafi, domin tayar da ba ta cika ba ita ce ke lanƙwasa tana ɗumama har ta fashe. Da yawa daga cikin tayoyin da aka yi wa karafan an ƙayyade musu gudun da bai wuce kusan kilomita 105 a awa ba, ko da allon hanya ya halatta 120 ko 140.

A bayan taya akwai boris, wato ƙwayoyin ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, wanda masu ƙera aksil ke cewa a wanke a sake masa giris duk shekara ko bayan kusan kilomita 19,000, duk wanda ya riga zuwa. A ƙasa mai ƙura irin tamu, shekarar ce abin riƙewa, kuma duk lokacin da aka buɗe a sa sabuwar robar da ke hana giris fita. Ga gwajin da ba ya cin ko halala: bayan tafiyar rabin awa, a tsaya a kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ko ana jin ƙaurin giris, kada a ci gaba sai an duba. Ga masu hawa dutse kuma, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, ga shi Ɗa'if tana kusa da mita 1,800 sama da teku, Suda ta yankin Asir kuwa ta kusa 3,000. Mai tasowa daga Makka da karafan ya fi masa alheri ya bi hanyar Sail maimakon hawan Hada mai yawan kwana, kuma a gangare ya sa ƙaramar giya injin ya riƙe nauyin, domin birkin da aka danne tun daga saman dutse ba ya kai mutum ƙasa da ƙarfinsa.

Yanzu sai gangar jikin. Fatar waje mai sheƙi, wadda masu sana'ar ke kira jelkot, siririya ce, kaurinta bai wuce kusan rabin milimita ba, kuma hasken rana yana cin ta a hankali. Ka shafa tafin hannunka a kan rufin. In ya fito da farin gari kamar ka taɓa alli, fatar ta fara ƙonewa. Maganinsa a wanke da sabulun mota, a goge da man gurza mai laushi har sheƙi ya dawo, sannan a shafa kakin da ake shafa wa jiragen ruwa, sau biyu a shekara, kafin bazara da bayanta. A yi aikin a inuwa da safe, domin a jiki mai zafi kakin bushewa yake kafin ya kama. Kada a yawaita gurza da inji, saboda kowace gurza tana rage kaurin fatar, kuma in ta ƙare sai fenti. Bayan guguwar ƙura kada a sa busasshen tsumma. A fara kwarara ruwa ya tafi da yashin, in ba haka ba tsumman ya zama sanfefa.

Ƙananan tsage masu kama da zare a kusa da ƙofa ko kusurwa galibi a fata kawai suke. Fashewa ta gaske, wadda ta ratsa har ciki, ita ma tana gyaruwa, kuma a nan mazauna gaɓar teku sun yi dace, domin masu gyaran kwale-kwalen faiba a Jidda da Yanbu da Jizan aikinsu ke nan kullum, sun fi mai gyaran jikin mota a sana'iyya, wato unguwar makanikai, sanin kansa. Wanda zai yi da kansa ya gurje bakin fashewar ya yi masa gangare mai faɗi, ya share da ruwan asiton mai cire maiƙo, ya jera yadin faiba falle bisa falle yana jiƙa shi da resin. Maganin daskarewar da ake ɗiga wa resin na foliyesta kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne, kuma a zafinmu a tsaya a ƙaramin adadin, a dama kaɗan-kaɗan, domin yana iya sandarewa a cikin kofi kafin a gama shafawa. A sa safar hannu da takunkumi da tabarau.

Ruwa ba ya ratsa faiba, ta ramukan da aka huda yake shiga: tagogi, murfin iska na rufi, gindin na'urar sanyaya ɗaki, da kusoshin da ke riƙe da kabad daga waje. A ƙarƙashin firam ɗin taga akwai wani tef mai danƙo da ake kira butil, wanda zafi ke busarwa. Da yawa idan suka ga yoyo sai su bi gefen tagar da silikon, kuma wannan kuskure ne, domin silikon kan saki daga baya, ya kuma bar maiƙon da babu abin da zai sake kamawa a wurin. Daidai shi ne a kwance tagar, a kankare tsohon tef, a sa sabo, a mayar. Kada ƙarancin ruwan sama ya sa a yi sakaci, domin ruwan dare ɗaya a Abha, ko ma tiyon mai wankin mota, ya isa ya jiƙa falankin daɓe.

Wajen ingantawa, wuta ce ta farko, kuma a nan ne ake ƙona kaya. Karafan na Amurka an yi shi ne don bolt 120, wutar Saudiyya kuwa 230 ce, saboda haka jona shi kai tsaye da bango yana iya hallaka caja da firji da na'urar sanyaya ɗaki a lokaci ɗaya. Sa'ar da aka yi ita ce, ƙasashen biyu duka suna kan zagaye 60 a daƙiƙa, don haka taransfoma mai rage wuta ta wadatar. Layin wutar karafan mai amfiya 30 a kan bolt 120 yana ba da wat 3,600, saboda haka a nemi taransfomar da ta haura wannan da rata, a kuma tabbatar an haɗa wayar ƙasa. Wanda ya sayi na Turai ba ya bukatar taransfoma, sai dai ya duba ko na'urar sanyaya ɗakinsa ta amince da zagaye 60, tunda 50 aka saba a can.

Batirin ruwa na gargajiya ba a son a sha fiye da rabinsa, kuma zafi na ƙafar da ruwansa, sai an riƙa ƙara masa tataccen ruwan batir. Na litiyum ya fi sauƙin nauyi, ana kuma shan kusan dukkan abin da ke cikinsa, amma ba a son cajinsa idan zafinsa ya haura digiri 45, don haka akwatin da ke kan wuyan karafan a tsakiyar rana ba wurinsa ba ne. A shigar da shi ƙarƙashin kujera, a kuma duba ko tsohuwar cajar ta dace da shi. Kada mai shago ya ruɗe ka da cewa batir ɗaya da sola za su riƙe na'urar sanyaya ɗaki. Batirin litiyum mai amfiya 100 yana ɗauke da kusan wat 1,280 na awa guda, na'urar rufi kuwa tana jan kusan wat 1,400, ka ga ko awa ɗaya ba zai kai ba. Sola ta fitilu da fanka da famfon ruwa da firji ce. Sanyin ɗaki sai janareta ko wutar gari. Na fi son farantin sola na ɗauka-ajiye a kan wanda ake liƙawa a rufi, domin yana ba ka damar fakawa a inuwa ka miƙa farantin rana, ga sauƙin share masa ƙura, ga shi ba a ƙara huda rufin ba.

Firjin da ke zuwa da yawancin karafan, mai aiki da gas ko wuta, yana bukatar a daidaita karafan ya tsaya sak, kuma da zarar zafin waje ya haura digiri 35 sai ya fara kasa riƙe sanyi. Sauya shi da mai kwamfuresa na bolt 12 yana cikin kuɗin da ba a nadamar kashewa. Haka ma rumfar gefe, da labule mai ƙyalli da ake sa wa tagogi, da fankar rufi mai zuƙe iska waje, domin bangon akasarin waɗannan karafan falle ɗaya ne da siririn shafi a ciki. Akwai kuma abin da maƙeran ba su yi tunaninsa ba: mesar tsarki a makewayi da famfon alwala a waje. Duka biyun aikin yini ɗaya ne ga mai gyaran famfo, sai dai a sani cewa za su ƙara cin ruwa, kuma tankin ƙazanta zai riƙa cika da wuri. A zubar da shi a inda aka tanada, ba a bayan dutse ba.

Bakin tukunyar gas ta nan bai yi daidai da na Amurka ba, kuma wannan aiki ne na ƙwararre, ya sa mahaɗi da na'urar daidaita matsi da suka dace da murhun. Bayan an haɗa, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa a ga ko za ta yi ƙwai. A sa na'urar gano yoyon gas kusa da ƙasa, tunda gas ya fi iska nauyi, a kuma sa mai gano hayaƙin da ba ya wari. A daren sanyi na Tabuk ko Ha'il, kada a shigar da kaskon gawayi ciki ko da ya yi ja ya daina hayaƙi, domin ɗaki ƙarami mai rufaffun tagogi ba ya yafe wannan, kuma janareta a ajiye ta nesa, bakin hayaƙinta na kallon waje. Wurin sauka ma a zaɓe shi da ido: cikin wadi, wato busasshen kwarin rafi, yana da laushi da inuwa, amma ruwan da ya sauka a dutse mai nisa yana isowa ba tare da hadari a kanka ba, kuma mutanen Jidda ba su manta ambaliyar Nuwamban 2009 da ta ci rayuka sama da 100 ba. Itacen wuta a sayi wanda aka shigo da shi daga waje, domin dokar muhalli ta hana sarewa da sayar da na gida.

Idan kakar fita ta ƙare, a zazzage tankin ruwa da na'urar ɗumama ruwa ƙarƙaf, domin ruwan da ya kwana watanni cikin ɗumi matattarar ƙwayoyin cuta ne. Kafin a sake amfani da tankin, a zuba ruwan bilic na gida marar ƙamshi, kusan mililita 1 ga kowace litar ruwa, a cika, a buɗe kowane famfo har warin ya fito, a bar shi awa 4 ko fiye, sannan a ɗauraye har warin ya tafi. A kwashe abinci duka saboda ɓera, a rufe tukunyar gas, a cire wayar batir, in na litiyum ne a kai shi cikin gida da rabin caji. Wurin ajiya ya kasance ƙarƙashin rumfa, a farfajiyar gida ko a istiraha, wato gidan shaƙatawa na bayan gari, ba a bakin titi ba, inda baladiyya, wato hukumar gari, ke iya ɗaukarsa a matsayin abin da aka yasar. In babu rumfa, a sayi rigar karafan mai barin iska ta ratsa. Tamfol na roba yana tara zafi, kuma idan iska tana kaɗa shi da yashi a ƙarƙashinsa, gurje fatar yake yi. A ɗora tayoyin a kan katako, a rufe su daga rana, sannan sau ɗaya a wata a auna iskarsu a kuma tura karafan gaba ko baya da kamar rabin mita, don kada gefe ɗaya na tayar ya ɗauki nauyin har bazara ta wuce.